Garin Gawayin Shamsiyya

Tun Wasila tana 'yar sakandare ta faɗo daga babur ɗin kabu-kabu, haƙoranta na gaba suka guntule, daga baya suka yi duhu. Haka ta girma, in za ta yi dariya sai ta kare baki da gefen hijabi. Sai da ta fara koyarwa a wata firamare a Gidan Dare ta je wurin likitan haƙori, Dokta Junaid. Ya manna mata wani farin kwaɓi mai kama da roba a fuskar haƙora huɗu, ya busar da shi da shuɗiyar fitila, ya goge har suka ɗauki ƙyalli. Ranar ta koma gida tana yi wa kowa murmushi.

Ƙanwarta Shamsiyya, wadda ke sayar wa ɗaliban jami'a da ke Kwalkwalawa kayan kwalliya ta waya, ta ɗauke ta hoto, washegari kuma ta kawo mata gwangwanin baƙin gari da buroshi mai tauri.

"Yaya, garin gawayi na. In kina son hasken ga ya daɗe, da shi za ki riƙa gogewa."

Wasila ta riƙe abin da gaske. Safe da yamma tana dirza, ko shayi ta sha sai ta dirza. Kafin damina ta wuce ƙyallin ya tafi, haƙoran suka koma kamar kwanon da ya sha soson ƙarfe. Zoɓo ya fara kama su, manja ma haka. Da ta ga sun dishe sai ta ƙara ƙarfin hannu, har wata safiya ta hango tsohon duhun yana leƙowa ta gefen ɗaya.

Daga makaranta ta zarce asibiti, ko zama ba ta yi ba ta fara.

"Dokta, dubi aikinka! Ko shekara ba a yi ba. Jabun kaya ka liƙa min?"

Ya lallaɓa ta ta zauna, ya haska bakin, ya shafa da yatsa.

"Malama, da mi kike goge baki?"

Ta ciro gwangwanin daga jaka ta dangwarar masa. Ya murza garin tsakanin yatsunsa ya girgiza kai.

"Abin da na sa miki bai kai haƙorin asali ƙarfi ba. Ko buroshi mai laushi yana cin ƙyallinshi a hankali, shi ya sa ake dawowa mu goge. Wannan kuwa kamar yashi ne. Ya kakkarce shi, dauɗa ta samu wurin zama. Ai na ce miki buroshi mai laushi."

"Yaushe? Bakina a buɗe, leɓena a sage, kai kana amsa waya? Wallahi ban ji ba, kuma ba ka maimaita ba!"

Dokta Junaid ya ce haƙora biyu za su gyaru da gogewa, biyun tsakiya sai an sake su. Wasila na ƙoƙarin miƙewa sai Rabi, nas ɗin da ke taimaka masa, ta ƙura wa bakinta ido.

"Malama, ba bakinki ne a hoton tallar gawayi ba?"

Ta miƙo waya. Ga bakin Wasila sau biyu: tsohon hoto mai duhu, da wanda Shamsiyya ta ɗauka ranar da ta fito daga asibitin nan. A ƙasa an rubuta wai aikin garin ne na mako biyu. Wasila ta mayar mata da wayar ta fice.

Ta iske Shamsiyya a gidan mahaifiyarsu kusa da Hubbare, tana cika gwangwanaye a tabarma.

"Ke! Bakina kika maida allon talla?"

"Haba Yaya, ai ba a ga fuskarki ba."

"Aikin likita kika ce na garinki ne, kina yi wa ɗiyan mutane ƙarya! Dubi abin da ya yi min." Ta buɗe baki dab da fuskarta.

Shamsiyya ta kauda kai. "Ni ban ce ki dirza kamar mai wankin tukunya ba."

Mahaifiyarsu, Iyatu, ta fito daga ɗaki tana cewa su ji tsoron Allah, maƙwabta na ji. Wasila ta ce, "Inna, ki ce mata ta cire hoton nan." Shamsiyya ta ce sai ta gama sayar da kayan da ke hannu.

Wasila ta fita tsakar gida, ta tsaya a rana, ta ɗauki hoton haƙoranta yadda suke, ta tura zauren hira na waya da Shamsiyya ke talla a ciki, ta rubuta sunanta, cewa ita ce ta hoton tallar, da abin da ya faru. Kafin la'asar wayar Shamsiyya ta cika da kiran masu cewa sun fasa.

An gyara haƙoran bayan sati uku. Wasila ta koma buroshin yara mai laushi. Shamsiyya ta daina sayar da garin, amma har aka yi Sallah ba ta gaida yayarta ba, ita ma Wasila ba ta neme ta ba.