Sarƙar Jirgin Widad

Duk uwar da na sani a unguwarmu ta Small Heath, in za ta je ganin 'yarta, kuka take ɗauka da daddawa da yaji. Ni Zinatu sarƙar jirgin ruwa na ɗauka, har yau kuma ban gama gane yadda aka yi ba.

Widad ce ta ja min, autata, wadda ke aikin likita a Manchester. Ita da mijinta Ameen sun sayi wani tsohon jirgin ruwa irin wanda iska ke turawa, suka ajiye shi a gaɓar Wales, wai in lokacin zafi ya zo za su ɗauki hutu su bi teku har Spain. Na yi faɗa, na yi kuka, na yi fushi na daina ɗaga wayarta. Na sa babanta ya yi magana, ya ce "Allah Ya tsare," ya koma kallon labarai. Yarinyar da kaf danginta ba wanda ya taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa!

Ina cikin wannan sai ga kiranta, na kasa daurewa na ɗaga.

"Mama, please, akwai chain da na yi order a wani shago kusa da ku. Tunda za ki zo weekend, ki taho min da ita. Ta anka ce. Tamu ta yi gajarta, za mu ƙara mata tsawo."

Anka, in ji ta, wata ƙatuwar ƙugiya ce ta ƙarfe da ake jefawa ƙasan ruwa don jirgi ya tsaya wuri ɗaya.

Na ce, "To, in na ƙi fa?"

"Sai mu tafi da short one ɗin, Mama."

Na ajiye wayar, na shiga tunani. In na kai, da hannuna na taya ta tafiya. In ban kai ba, za ta tafi da gajera. Na juya abin ta kowace fuska ban ga inda zan dafa ba, sai kawai na tsinci kaina a ƙofar shagon, maza biyu suna nishi suna zuba min ƙarfe a but ɗin motata, bayanta yana durƙusawa. A Coventry Road na tsaya na sayi kwaɗon kulle ƙofa, mafi girman da ke shagon, don na ga ba wanda ya yi tunanin abin da za a haɗa sarƙoƙin da shi.

Na iske su a filin bayan gidansu, sun shimfiɗa tsohuwar sarƙar a kan siminti. Ameen ya rusuna ya gaishe ni, ya shiga jidar sabuwar. Da na ga tsawon su biyun sai kaina ya ƙara ɗaurewa.

Na ce, "Ke, tsaya. Ba so kuke jirgin ya tsaya wuri ɗaya ba?"

"Eh, Mama."

"To, a garinmu in ana son akuya ta tsaya, gajarta mata igiya ake yi a turke. Wa ya taɓa ƙara wa mai yawo igiya?"

Widad ta yi dariya, ta ce ai jirgi ba akuya ba ne. In sarƙa ta yi gajarta, da igiyar ruwa ta ɗaga jirgin sai ta tumɓuke ankar. In tana da tsawo, sai ta kwanta a ƙasan teku da nauyinta, ankar ta ƙara nutsewa cikin yashi. Ta maimaita min da Turanci, Ameen ya kwatanta da igiyar takalminsa da cokali. Na gyaɗa kai don su ƙyale ni, amma ban gane komai ba.

Sai na fito da kwaɗona. Suka kalli juna. Na tsani wannan kallon.

"Mama, gishiri zai cinye shi," in ji Widad. "Kuma it won't fit, ba zai wuce ta injin da ke naɗe chain ɗin ba."

Ta buɗe tafin hannunta ta nuna min abin da za su yi amfani da shi. Wani ɗan zobe ne mai ɓari biyu, bai kai babban yatsana tsawo ba. Ana saƙala shi a bakin sarƙoƙin biyu, a haɗe ɓarin, ƙananan haƙoransa su leƙo ta ramuka, sai a doke su da guduma su baje. Shi ke nan. Na ƙura wa zoben ido. Jirgi, da teku, da iska, da 'yata tana barci a ciki, duk a kan wannan ɗan abin?

Ameen ya ɗauki guduma ya fara. Yaron kirki ne, amma hannun kwamfuta gare shi, ƙwanƙwasawa yake kamar mai sallama a gidan surukai. Raina ya ɓaci. Na karɓe gudumar, na ɗaure gyalena a ƙugu, na ɗora zoben a kan wani guntun ƙarfe. Na doka, na juya, na sake dokawa, sai da kowane haƙori ya kwanta lif. Ina duka ina tambayar kaina wai ni me nake yi haka.

Da na gama na ce ban yarda ba sai an gwada. Ameen ya ce an riga an gwada irinsa a kamfani. Na ce ni ban san kamfani ba. Akwai wani kututturen siminti a bakin lungunsu, na sa ya naɗa tsohuwar sarƙar a jikinsa, ya maƙala sabuwar a ƙugiyar bayan motata. Widad tana ta "Mama, this is mad," na ce su koma cikin gida su leƙo ta katanga.

Na shiga na tayar. A hankali sarƙar ta tashi daga ƙasa ta miƙe, motar ta yi turjiya ta tsaya cak. Nan ya kamata in bari. Amma sai wani tunani ya faɗo min: in zoben ya tsinke, dole su ɗaga tafiyar, wataƙila ma tsoro ya kama su su fasa. Na ƙara taka mai. Na buɗe baki na ce, "Ya Allah, Ka sa ya..." sai na rasa ƙarshen addu'ar. Ya tsinke? Abin da zai riƙe min ita a tsakiyar ruwa? Ya riƙe? Ta tafi ke nan. Tayoyi suna kuka, ƙauri ya cika motar, ni kuwa sai "Ya Allah, Ya Allah" nake yi, ba gaba ba baya.

Widad ce ta buga gilashi. "Mama, stop! Ya isa!"

Na ɗaga ƙafa. Na fito, na bi sarƙar ina laluben zoben. Da ƙyar na gane shi cikin 'yan'uwansa. Ko motsi bai yi ba.

Ta tsuguna kusa da ni, ta ga fuskata a jiƙe. "Na ga bakinki yana motsi. Me kike roƙa?"

Na ce, "Wallahi ban sani ba. Na bar wa Allah Ya zaɓa."

Ta ɗora kanta a kafaɗata. Na share ido da bakin gyale, har yanzu zoben yana hannuna.

Na ce, "To, faɗa min. Yaushe ne tafiyar?"