Akuya Mai Lamba Sha Tara

Shekara uku Mai Awaki ta yi tana warin garke. Sunan ma a jami'a aka laƙaba mata, don ko aji ta shiga sai an ga dusa a gefen mayafinta. Awaki ashirin da huɗu su ne binciken digirinta na uku. Sha biyun farko hatsi suka ci, irin wanda mutum zai ci ya ƙoshi. Daga lamba sha uku zuwa sama kuwa, ɓawon rogo da kowar wake da tarkacen da manomi ke ƙonawa ta sarrafa musu. Abin da take son sani shi ne ko naman waɗannan zai kai na waɗancan laushi da kyau. In ya kai, an bar wa mutane hatsinsu ke nan. Farfesanta kuwa ya gaya mata ba wasa: kowane rukuni kada ya gaza sha ɗaya, in ya gaza ta sake daga farko. Ina ta ga wata shekara ukun?

Ranar yanka, tun da ta shiga mayanka ta san sai ta sa ido. Kowace akuya da lambarta a kunne, amma da an fille kai an feɗe, duk sun zama ɗaya. Don haka ta tsaya a kan mahauta, ana gama feɗe guda ta ɗaura mata lamba da igiya a ƙafar baya. Ta ɗaura ta ƙarshe ke nan likitan dabbobi ya kira ta ofis ta sa hannu a takardu. Minti ashirin ta yi, wallahi ba ta ƙara ba.

Da ta dawo ɗakin sanyi sai ta tarar da nama a jere reras a kan ƙugiyoyi, an wanke shi tas, ba igiya ko ɗaya. Babban mahaucin, dattijon da kowa ke ce wa Baba, yana tsaye yana goge hannu, sai murmushi yake.

"Baba, ina lambobin?"

"Waɗancan igiyoyin? Na yanke su, 'yata. Shekara talatin ban taɓa barin datti ya shiga nan a jikin nama ba. Har na gyara miki jerin, masu kyau a dama, na baya-baya a hagu."

Ta jingina da bango. Gyara! Mutumin nan ya kashe ta, kuma godiya yake jira.

"Na shiga uku, Baba. In ban san wadda ta ci wane abinci ba, wannan duk nama ne kawai. Aikina ya tafi."

Murmushin ya ɓace. Ya dubi naman, ya dube ta, sai ya ce, "Kawunan fa? Da lamba a kunnensu?"

Ai ba ta tsaya amsa ba. A guje ta fita, takalmin roba na santsi a jiƙaƙƙen siminti. A bakin ƙofa ta cim ma matar da ke sayen kawuna, ta riga ta loda su a baro za ta kai babbaka. Mai Awaki ta riƙe baron gam.

"Don Allah, Inna, kada ki sa musu wuta!"

"Ikon Allah. Yau kuma boko ya zo kan kan akuya?" in ji matar. Amma ta saki.

Aka zube kawunan a kan tebur. Baba, kamar sauran mahautan gidan, yakan bar ɗan gashi a ƙarshen wutsiya don mai saye ya shaida akuya ce. Da wannan ya fara: baƙin gashi ga baƙin kai, fari ga fari. Sannan ya ɗauki kai ya kara a wuya, ya dubi inda wuƙarsa ta bi ta gaɓa, ya buɗe bakin akuyar ya dubi haƙora don ya gane girmanta. In kan ya zauna daram sai ya ce, "Ita ce." Ita kuma ta ɗaura lamba, sanyi ya kama mata yatsu. Ba ta yarda da ko ɗaya ba sai ta ga da idonta gaɓar ta haɗu, ta ɗauki hoto. Wayarta ta yi ƙara har sau uku, Farfesa ne, ta ƙi ɗagawa. Me za ta ce masa?

Ashirin da biyu suka samu lamba. Saura biyu, duk jajaye, girmansu ɗaya: lamba bakwai mai cin hatsi, da lamba sha tara mai cin ɓawo. Naman guda yana can kan gaba a dama, ya fi na kowa kyau a ɗakin. Ɗayan kuwa a hagu yake, ba yabo ba fallasa.

Sha tara ita ce 'yar lelenta, da kwalba ta shayar da ita tana ƙarama. In mai kyan nan ita ce, bincikenta ya haye.

Baba ya gwada kai a nan, ya gwada a can, ya sauya, ya sake. Gumi ya karyo masa duk da sanyin.

"Baba," ta ce a hankali, "ai ta daman nan ita ce sha tara, ko?"

Ya ajiye kan. "Da na sani da na faɗa, 'yata. Kowanne ya hau kowanne. Na ɓata miki sau ɗaya yau, ba zan ƙara ba."

Ba kowa a ɗakin sai su biyu. Igiyar na hannunta, ƙafar na gabanta, ba wanda zai taɓa sani. Ta daɗe a tsaye, har ta kai hannu ta taɓa naman. Kunya ta kama ta, da haushi, da tausayin kanta.

Ta buɗe littafinta ta ja layi a kan bakwai, ta ja a kan sha tara. Sha ɗaya da sha ɗaya, ba ragowar ko guda, kuma mafi kyau ta fita lissafi. Wayar ta sake ƙara. Ta share ido da bayan hannu ta ɗaga.

"Ashirin da biyu ne, Farfesa," ta ce. "Zan yi maka bayani."