Numfashin Inna Uwani

"Kada ki kira kowa, Harira. Olsa ce kawai."

Haka Inna Uwani ta ce min, tana durƙushe a bakin makwarara, hannu ɗaya ta dafa bango, ɗayan ta tallabe haɓa. Kakarin amanta na jiyo ta katanga, shi ya sa na bar keken ɗinki na zagayo. Zufa ta jiƙa mata riga sharkaf, alhali garin a lumshe yake. Gyaɗar da ta fara soyawa tana cikin kasko tana ƙonewa.

Na janye itacen, na ce, "Ina ke miki ciwo, Inna?"

"Muƙamuƙina, da tsakanin kafaɗuna. Kamar an ɗora min turmi."

Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nata a Rafin Guza. Bakatsiniya ce, aure ya kawo ta Kaduna tun unguwar duk gonaki ce. Mijinta direban babbar mota ne, ya daɗe da rasuwa. Ɗa ɗaya Allah ya bar mata, Bashir, yana aiki a Abuja. Ita kaɗai take zaune, tana ƙuli-ƙuli da man gyaɗa.

Ban saurare ta ba. Na kira maigidana Yusuf, ya juyo da napep ɗinsa daga bakin titi, muka kama ta muka kai asibiti. Wata likita matashiya ce ta duba ta. Aka manna mata wayoyi a ƙirji, na'ura ta fito da takarda, likitar ta daɗe tana kallonta.

"Mama, yaushe abin ya fara?"

"Tun shekaranjiya. Na sha kanwa, na aika kemis aka sayo min na olsa."

"Ba wanda ya gan ki?"

"Wa zai gan ni, 'yar nan?"

Likitar ta ja ni gefe. Ta ce bugun zuciya ne, jijiyar da ke kai wa zuciyar jini ce ta toshe. Ta ce mata da yawa ba a ƙirji suke jin sa ba, shi ya sa suke makara. Ta ce za su yi abin da za su iya a nan, amma a kira ɗanta.

Bashir ya iso da yamma. Da ta ɗan samu sauƙi ya tafi da ita wani babban asibiti a Abuja, aka buɗe jijiyar. Damina ta wuce ba ta nan. Ni nake share mata tsakar gida, ina zuba wa kajinta dusa.

Ranar da ta dawo mata suka cika gidan, ana ta barka. Ta yi fari, ta rame. Tana ta nuna musu wani ɗan tabo a wuyan hannunta.

"Ta nan suka bi har zuciya. Idona biyu, ina kallon su. Wani ɗan siririn ƙarfe suka bari a ciki, don kada ta sake toshewa."

"Ikon Allah. To, kin warke ke nan, Inna."

Ta yi murmushi kawai. Sai da kowa ya watse ta ce min, "Hanyar ta buɗe, Harira. Amma likitan ya ce wani ɓangare na zuciyar ya riga ya mutu kafin in zo, kuma ba ya dawowa. Da abin da ya saura zan lallaɓa."

"To me ya sa kika baro can?"

"Bashir da matarsa tun safe sun fita. Ƙofa a kulle, maigadi ba ya jin Hausa. Daga ni sai talabijin. Wata rana na lura tun asuba ban ce uffan ba har la'asar, sai da na yi wa kaina sallama don in ji ko muryar tana nan."

Ta yi dariya, dariyar ta koma tari.

Amma nan ɗin ma ba kamar da ba ne. An hana ta aikin ƙarfi, ba daka ba matsar mai. Masu sayen ƙuli suka koma wani gida. Masu dubiya suka ɗauke ƙafa, tunda kowa ya ji an ce ta warke. Sa'o'inta na unguwar wasu sun rasu, wasu 'ya'ya sun ɗauke su. Wadda suka fi shaƙuwa, Rakiya, tana Rigachikun ba ta ko iya tafiya. Ni kuma ga ɗinki ga yara. Nakan shiga bayan la'asar in kai mata abinci marar gishiri, in tarar da ita a kan tabarma ta fuskanci ƙofa.

Tana shan magungunanta, ba ta wasa da su. Duk da haka ƙafafunta suka fara kumbura. Daga ɗaki zuwa banɗaki sai ta tsaya a hanya ta huta. Ta daina kwanciya miƙe, sai dai ta jera filo ta jingina. Idan Bashir ya kira, sai ta ja numfashi tukuna ta ɗauka, ta ce "Lafiya lau" da sauri kafin numfashin ya ƙare mata.

Ni na gaya masa gaskiya. Ya zo ranar wata Asabar, ya kai ta aka sauya mata magani, ya dawo ya tsuguna a gabanta.

"Inna, ki zo mu koma. Can likitanki yana kusa."

"Nan kuma kabarin babanka yana kusa."

"In wani abu ya same ki ina nesa fa?"

"Can ɗin ma kana ofis zai same ni, Bashir."

Ya sunkuyar da kai. Ta dafa masa kafaɗa, ta ce ya bari sai bayan Sallah, za ta je ta yi musu kwana biyu. Ya tafi da wannan.

Ba ta kai Sallar ba. Wata Laraba da hantsi ta aiko a kira ni, ta ce kanta ya dame ta, in yi mata kitso. Na zauna a kujera 'yar tsuguno, ta jingina da gwiwoyina. Gashin duk furfura, ya yi laushi. Ina jin numfashinta a ƙafata, gajere-gajere.

Ta yi ta hira ranar, fiye da kullum. Ta ba ni labarin zuwanta Kaduna a bayan motar mijinta, da tabarma da tukwane, tana kuka tun daga Funtuwa. Ta ce a da daga nan har rafi ba gida ko ɗaya, ana hango shanu. Ta lissafo matan da suka yi daka tare, tana faɗin sunan kowacce tana cewa Allah ya jiƙanta.

Na gama gefe ɗaya, sai ta ce, "Je ki duba tukunyarki, ina jin ƙauri."

Gaskiyarta, shinkafata ta kama. Na sauke, na zuba wa yara, na wanke hannu na dawo. Ta matsa jikin bango ta jingina, kanta ya ɗan karkata, matajin yana kan cinyarta.

"Inna, juyo mu ƙarasa."

Na sake kira. Na taɓa hannunta, da ɗumi. Na daɗe a tsugune kafin na iya tashi na kira Yusuf.

Ni da wata dattijuwa muka yi mata wanka. Na warware rabin kitson da na yi, muka kama gashin gida uku. Bashir ya iso ana shirin sallatar ta bayan la'asar. Mutane sun taru fiye da yadda na zata, har layin ya cika. Bayan addu'ar uku ya raba kayanta, ya ba ni kajin, ya sa kwaɗo a ƙofar ya koma.

Washegari ina ɗinki a zaure sai ga wani Bazamfare da yake kawo mata ruwa, ya turo kurarsa ya tsaya a ƙofarta. Ashe ya je gida ganin iyali, bai ji ba. Ya sauke jarka biyu, ya ƙwanƙwasa.

"Inna, ruwa."

Sai ya ga kwaɗon. Ya waiwayo ya dube ni, na gaya masa. Ya cire hula, ya yi salati a hankali, ya ɗan jima a tsaye. Sannan ya mayar da jarkokin cikin kura, ya tura ya yi gaba. Inda ya ajiye su ƙasa ta jiƙe, zagaye biyu a bakin ƙofar.