Jan Biro a Farcen Zomo

…goma sha takwas, ba ashirin ba. Malam Ladan yana sake ƙirgawa, yana bin yatsun zomon ɗaya bayan ɗaya. Biyar a kowace ƙafar gaba, huɗu a kowace ta baya. Goma sha takwas dai. Shekara talatin da biyar yana koyar da kimiyya a Zuru, ya zana zomo a allo ya fi a ƙirga, kunne, haƙora, hanji… bai taɓa ƙirga farata ba. Ina na biyar ɗin baya ya tafi? Me ya sa gaba ta samu, baya ta rasa? To. Ba wannan ne ya zaunar da shi ba.

Hujja ce ta zaunar da shi. Ga tabarma a inuwar dogon yaro, ga zomo a naɗe cikin tawul a kan cinyarsa, ga abin yankan farce, rula, auduga, garin masara a murfin kwalba don tsayar da jini — amma ba za a ga jini ba, ai maganar ke nan. Ƙarfe biyu zai koma shagon maganin dabbobi na Okechukwu, ya ɗora zomon a kan kanta, ya ce: ga ƙafar da ma'aikaciyarka ta yanke jiya, ga kuma wadda tsoho mai tabarau ya yanke yau a gida. A gwada. Idon kowa ya yi alƙalanci.

Jini a kan kanta, jini a hannun rigarsa… farce biyu kawai Rachael ta yanke, na biyun ya ɓalle da jini, zomon ya yi wata irin ƙara — ashe zomo yana da murya? Wata takwas suna gida ɗaya bai taɓa jin ta ba. Siririya, kamar ƙyauren da ya rasa mai. Daga maƙogwaro take fitowa ko daga hanci? A littafin aji uku babu wannan… Ita kuwa ta danna auduga, ta barbaɗa wani gari, tana cewa “Sannu, sannu, yi haƙuri.” Wa take ba haƙuri? Zomo! Shi yana tsaye, mai zomon, dattijo, ko kallo bai samu ba.

Shi ya sa ya rubuta takarda. Shafi uku, sakin layi tara, kowanne da lambarsa, ya kai da hannunsa kafin la'asar. Okechukwu ya karanta yana share gumi. “Malam, yi hankuri. Gobe karfe biyu ka kawo shaida. In ita ne ya yi laifi, gobe gobe zai tafi gida. Ba na wasa da kastoma.”

Za ta tafi gida. Shi bai ce a kore ta ba — ya ce? Sakin layi na tara: a ɗauki matakin da ya dace. Mataki. Kalmar ta dace. In mai shago ya fassara ta da kora, wannan tsakaninsu ne… Kullum daga Dabai take zuwa a kan babur, an ce, 'ya'ya biyu, miji soja yana can gabas. To, sai me? Aiki aiki ne. Wanda ya karɓi aiki ya iya shi. Shi da ya taɓa mayar wa aji guda littattafansu saboda ba su ja layi da rula ba?

Tsaya, Hedimasta. Tsaya mana.

Hedimasta… ke Rufaida, Allah ya shirye ki. Jika ta rasa sunan da za ta sa wa zomo sai wannan. “Dube shi, angona, yadda yake motsa hanci yana harare-harare, kai ne sak ranar duba makaranta.” Ta tafi makarantar koyon jinya ta bar masa amana, har da takardar dokoki a manne jikin bango: ganye safe da yamma, ruwa mai tsabta, kada a ɗaga shi ta kunne. Asabar za ta dawo hutu. Ta tarar da shi yana ɗingishi? Ta ce, tsoho, haka ake riƙon amana? A'a. Sai an san wanda ya yi laifi, a rubuce.

Daga madafa Munira tana leƙowa, ludayi a hannu. “Malam, zomo na fa, ba takardar jarrabawa ba. In riƙe maka?” Ya ƙara gyara tawul ɗin. Shekara arba'in da aure, har yau ba ta gane bambancin abin da aka yi daidai da abin da aka yi kawai ba.

Ƙafar baya ta dama. Yana tura gashin da babban yatsa… kai, tsawo! Ya lanƙwashe kamar lauje, ɗayan ma ya karkace gefe. Rula. Milimita goma sha ɗaya daga inda gashi ya ƙare. Sai a yanke daidai da gashi, shi ke nan, mene ne abin wahala? Jiya ma haka ya nuna wa Rachael. Har alama ya yi mata, don kada ta ce ba ta gane ba: ya zaro jan bironsa daga aljihu, ya ja layi a kan kowane farcen ƙafafun gaba, ɗaya bayan ɗaya, tana kallo. Sakin layi na huɗu: duk da an yi mata alama. Mutum a ja masa layi ya kasa bi?

Bakin ƙarfen yana kan farce. Hannu ya tsaya.

Daga ina jinin ya fito ma tukuna? Farce dai matacce ne, kamar gashi, kamar ƙaho, shi da kansa ya faɗa wa yara. Nasa yana yankewa duk Juma'a, babu zafi. To na zomo… in jini ya fito, akwai hanyar jini ke nan. In akwai hanya, tana da iyaka. Ina iyakar? Ba a gwaji da ka. Ba a taɓa yi ba. Sai an duba.

Yana ɗaga ƙafar wajen rana — ganye ya tare. Fitilar waya. Ina Rufaida ta ce a danna… ga ta. Yana sa hasken a bayan farcen, yana gyara tabarau, yana sunkuyawa har hancinsa na taɓa gashi.

Ikon Allah.

Kamar ƙwai a gaban fitila, lokacin da yake nuna wa 'yan aji biyu ɗan tsako tun bai fito ba, suna turereniya, Malam ni ban gani ba, Malam ni… A ciki akwai wani abu ja-ja, launin cikin gwaiba, mai kauri a gindi, yana sirancewa, yana bin lanƙwasar farcen kamar an zuba shi a mazubi. Rai a cikin matacce. Yana tafiya, yana tafiya… bai tsaya a bakin gashi ba. Ya wuce. Rula. Takwas. Cikin goma sha ɗaya, takwas masu rai ne. Uku kawai suka rage fari fat a tsini.

Wannan farcen ne daban, wataƙila. Na kusa da shi. Bakwai da rabi. Na uku, baƙi ne, haske ba ya ratsa shi sosai, inuwa kawai… me ya sa ƙafa ɗaya take da fari da baƙi? Launin gashin wurin yake bi? Haka ne, ga ɗigon ruwan ƙasa a daidai yatsan — a'a, Ladan, bar wannan. Inuwar ma ta wuce gashi.

To amma tsaya. Ranar da Rufaida ta tafi, ta miƙo masa zomon a bakin ƙofa, ɗan kabu-kabu yana ta danna oda, ƙafafun suna kan tafin hannunsa — bai ji kaifi ba. Farata ba sa ko leƙowa daga gashi. Gajeru ne, dakusassu, kuma ba jini, ba ɗingishi. In a lokacin farcen duka bai wuce gashi ba, jijiyar ma ba ta wuce ba. Yau ta wuce da takwas. Ke nan… tana girma. Bin farcen take yi. Farce ya yi gaba, ita ma ta yi gaba, kamar saiwa in ta samu fili. Kai, wannan abu da kyau yake! Wa ya gaya mata akwai fili? Ta yaya ta sani? In kuma ana rage tsinin, ja da baya take yi? Dole. Dole ta ja, in ba haka ba zomayen daji da suke tona kullum da jini za su riƙa yawo…

Tona.

Fangalin tattasai. Ya raine su daga iri, layi huɗu, tazara daidai da rula, ya fito da safe ya tarar da rami har gwiwar hannu, Hedimasta a zaune a bakin ramin, hanci duk ƙasa, ko kunya babu. A ranar ya yanke hukunci: keji. Ya sa kafinta ya yi mai ƙafafu, ya shimfiɗa buhu ninki biyu don kada waya ta ci masa ƙafa — ai tausayi ne, wa zai ce ba tausayi ba ne? Wata takwas. Ba ƙasa, ba tsakuwa, ba abin da zai goge farce. Tattasai ya yi kyau kuwa. Munira ta yi miya da shi har ta raba wa maƙwabta.

Wata takwas jijiya tana tafiya a hankali cikin duhu, shi yana zuba ganye safe da yamma, yana cika doka.

Rachael ta yi magana fa jiya. Kafin biron. Me ta ce? Ya ɗauka ƙyuya ce, irin ta ma'aikatan yanzu, shi ya sa bai sa a takarda ba… Ta juya ƙafar a hannunta, ta daɗe tana dubawa. “Baba, wannan ya yi tsawo da yawa. Ba a yanke shi rana ɗaya. Kaɗan yau, kaɗan bayan sati biyu.” Shi kuma — “'Yata, ni ba na son rabin aiki.” “Baba, zai yi jini.” “In kin bi layi ba zai yi ba.” Mutane a shagon, wani mai sayen maganin kaji yana dariya, a bi Malam a hankali, ya koyar da ni, ba a yi masa gardama. Ta dubi ƙofar ciki, Okechukwu ba ya nan. Ta dubi furfurarsa. Na farkon ta yanke can sama da layi, ya ce a'a, a kan layi, ba ki gani ne? Na biyun…

Ƙafar gaba. A hankali, Hedimasta, ba taɓa ciwon zan yi ba. Ga wanda ya yi jinin, ya bushe, baƙi. Ga sauran da ba a kai gare su ba, jan layinsa yana nan raɗau, miƙaƙƙe, ko karkata babu — hannunsa bai tsufa ba a nan. Haske a baya.

Layin ya ratsa ta tsakiyar jan. Ba gefe ba. Tsakiya.

Na gaba ma. Na gaba ma. Ɗan ƙaramin na ciki, mai kama da babban yatsa, shi ma. Da ta bi shi duka goma…

Amma ai ita ce mai sani! Ita ta yi karatun. Me ya sa ba ta ƙi ba? Ta ajiye ƙarfen ta ce Baba ba zan yi ba? Wannan ma laifi ne, ana iya sa shi a sakin layi na… Wa ya taɓa ce masa ba zan yi ba? A cikin shekara talatin da biyar, yaro nawa? Yana neman fuska ɗaya, suna ɗaya. Layuka ne kawai na kawuna a sunkuye. Yana kiran wannan tarbiyya.

Zuciyar zomon tana bugawa a cikin tafinsa, da sauri, ba ta ƙirguwa. Ɗari biyu a minti? Ta fi? Tsoro ne ko haka take kullum?

Yana mayar da ƙarfen kan farcen baya. Ba a bakin gashi ba. Can tsini, cikin farin, ya bar tazara. Yana matsawa. Ƙyas. Ɗan guntu kamar ƙwayar gero ya faɗa kan tabarma. Yana jira. Babu jini. Zomon ko motsi, hanci kawai. Farcen kuwa yana nan da tsawonsa, kamar ba a taɓa ba. Rabin aiki. Bai ma kai rabi ba. Wannan ne zai ɗora a kan kanta, ya ce a gwada?

In bai je ba fa? Ya ce jiki ne, hawan jini, kowa ya san tsufa… Takardar tana can a aljihun teburin Okechukwu, da sa hannunsa, da kwanan wata. Ba ta buƙatar shi. Ita kaɗai ta isa. Ya iya rubutu, matsalar ke nan, bai bar ƙofa ko ɗaya ba. Ƙarfe biyu da minti biyar Rachael za ta ɗauki jakarta, ta tsaya bakin titi tana jiran babur ɗin Dabai da rana tsaka, 'ya'yan su ce Mama yau kin dawo da wuri.

Sai ya je. A shagon nan, gaban mai maganin kaji ko wani irinsa, a tsaye a inda ya tsaya jiya yana ɗaga murya… ya ce me? Bayan dogon bincike ya bayyana cewa — a'a. An samu kuskure daga ɓangarori — a'a, ɓangare ɗaya ne. 'Yata, ni ne… ni ne na… Da wace kalma ake farawa? Ya koya wa yara takardar neman aiki, takardar koke, takardar neman izini. Wannan ba ta cikin manhaja.

Inuwar dogon yaro ta janye daga kan tabarma, rana tana cin ƙeyarsa. Ana gwada lasifikar masallaci. Ƙafarsa ta yi sanyi a ƙarƙashin zomon, in ya miƙe yanzu ba za ta ɗauke shi ba. Bari jini ya sauka tukuna. Minti ɗaya. 'Yata, ni ne… minti ɗaya kawai…