Ɗalibin Ƙarshe a Zauren Malam Iliyasu

"Ku ɗaga ni a hankali, ba damin dawa kuka ɗauko ba," in ji Malam Iliyasu.

Ni na riƙe kafaɗunsa, ɗalibinsa Hambali ya riƙe ƙafafu, muka fito da shi daga ɗaki zuwa zaure. Ai da damin dawa ne ma da mun ji nauyi. Muka kwantar da shi a kan buzu, muka jingina bayansa da bango. Tari ya turnuƙe shi, ya daɗe yana yi, har matarsa Safiyatu ta leƙo ta bayan asabari ta koma.

Ni Haladu marini ne. Katanga ɗaya ta raba gidana da nasa a Birnin Kudu, can wajen karofi, inda rijiyoyin rini suke. Abin da nake faɗa ya faru tun kafin Basasar Kano, zamanin da ake rufe ƙofar gari da la'asar sakaliya saboda mahara masu saukowa daga duwatsun kudu.

Malam Iliyasu ɗan garin nan ne, amma ya ƙare ƙuruciyarsa a yawon karatu. Ya zauna Kano, ya zauna Barno, ya yi Makka a ƙasa, kuma a hanyar dawowa ya tsaya Masar. A can ya faɗa hannun wasu malamai masu ilimin da ya ce sunansa kimiyya, wato sanin yadda abu ke juyewa ya zama wani abu in an haɗa shi da ɗan'uwansa, ko an dafa shi, ko an tace shi. Ya dawo da furfura, da gafaka cike da littattafai, da kwalabe masu dogon wuya naɗe cikin auduga. Da safe yana karantar da fiƙihu kamar kowane malami. Da yamma kuwa sai a hura wuta a zaure, a jera tukwane da kasake, a yi ta dafa kanwa da toka da bagaruwa da farar wuta. Shi ya sa gari ya laƙaba masa Mai Tukwane. Wasu sun ce zinariya yake nema, wasu sun ce aljanu yake yi wa girki. Ni da nake shaƙar hayaƙin ta kan katanga na san ba ko ɗaya. Tawadarsa ba ta kodewa, sabulunsa ba ya cin hannu, kuma shi ya fara gaya mini cewa iska ce ke mayar da zane shuɗi bayan ya fito daga rijiyar baba yana kore. Na ce masa to, na ci gaba da rinina.

Ran nan da muka fito da shi, sai na ga Hambali bai tashi hura wuta ba. Ya durƙusa a gefe yana murza bakin rigarsa. Hambali magidanci ne mai 'ya'ya, mutumin Wurno, kuma shi kaɗai ya rage a cikin masu karatun yamma.

"Allah gafarta Malam, da magana."

"Na ga alama. Tun shekaranjiya bakinka yake motsi ba sauti."

"An aiko daga Gwaram. Manyan garin suna neman wanda zai riƙa haɗa musu albarushi. Sun ce za su ba ni gida da gona, da hatsin shekara."

Na yunƙura zan fita, Malam ya ɗaga hannu. "Zauna, Haladu. Kai ma ka sha hayaƙin, kana da rabo a maganar." Ya juya ga Hambali. "Albarushi. Duk abin da na zuba maka a kai, albarushi kaɗai aka gani?"

"Shi kaɗai ake nema, Malam."

"Ka manta hannun Buba?"

Hambali ya sunkuyar da kai. Buba ɗalibi ne a zauren nan a da. Ya je wani gari yin wannan aiki, turmi ya tashi da shi, ya dawo da yatsu biyu a hannun dama. Yanzu kiwon awakin mutane yake yi a Sundimina.

"Ban manta ba. Amma rumbuna ya taɓa ƙasa tun kafin damina ta tsaya. Mai ɗakina tana surfen aikatau. Na yi shekaru a gabanka, Malam, ban taɓa ƙorafi ba."

"Ba ka taɓa ba."

"To ka ba ni izini."

"Ban bayar ba. Hura wuta."

Hambali ya tashi ya hura wutar. Malam ya sa shi ya karanta wani shafi kan yadda ake tatsar ƙamshi daga fure ta hanyar tururi, yana gyara masa Larabci cikin murya ƙasa-ƙasa. Ba su kai ƙarshen shafin ba barci ya ɗauke Malam, bakinsa a buɗe.

Kashegari na kai musu ɗan tuwon da iyalina suka yi. Safiyatu ta karɓa a bakin zaure ta ciki. Tsufa da maƙwabtaka sun sa ba ma ɓuya da juna.

"Malam Haladu, ka yi masa magana ya saki yaron nan," in ji ta. "Ni dai na gaji. Tun ina amarya nake wanke tukwanen da ba a cin abin da ke cikinsu. Na yarda, mijina ne, ni na ji na gani. Amma matar Hambali me ta yi?"

"Uwargida, Malam ba ya jin magana a kan wannan."

"Zai ji. Ba shi da ƙarfin musu yanzu."

Na same shi a farke, yana kallon azarar rufi da hayaƙi ya mayar baƙa ƙirin. Ban kai ga buɗe baki ba ya riga ni.

"Ta turo ka."

"Ta turo ni."

Ya yi 'yar dariya, tari ya karɓe ta. Da ya lafa ya goge bakinsa da tsumma, ya dunƙule shi da sauri don kada in ga jan da ke ciki. Na gani.

"Ka ƙirga mini su, Haladu. Barau yana Kano yana sayar da turare a kasuwa, ya yi ƙiba, gaisuwa kawai yake aikowa da fatake. Abdulsalami ya ga fiƙihu ne ke ba da rawani, ya bi wani alƙali yana yi masa rubutu. Buba ka san labarinsa. Sauran ko sunansu ya fara ɓace mini. Duk wanda ya fahimci abu kaɗan sai ya ɗauki kaɗan ɗin ya tafi kasuwa da shi. Ban ga laifinsu ba. Mai nahawu yana samun ɗalibai, mai fiƙihu yana samun rawani. Wannan karatun me ya ba ni? Tari."

"Ya ba ka suna."

"Mai Tukwane," ya ce. "A Masar, maƙwabci, na ga soro guda ba abin da ake yi a ciki sai wannan. Malamai suna musu, ɗalibai suna awo, akwai mai ciyar da su don su zauna su yi tunani kawai. Na ɗauka in na dasa shi a nan zai yi tsiro. Hambali ne kaɗai ke tambayata dalili. Sauran yadda ake yi suke tambaya. In ya tafi, an rufe zauren nan."

"In ya zauna ma, Malam, yunwa za ta rufe shi."

Ya juya fuskarsa bango. Na zauna har na ji an kira azahar, na tashi.

Bayan kwanaki kaɗan, da hantsi, ya aika jikarsa ta kira ni daga karofi. Na zo hannuwana shuɗi har gwiwa. Na tarar ya sa Hambali ya kwaso ƙasa daga gindin tsohon bangon turke, ya jiƙa ta, ya tace ruwan ta cikin toka, yana dafawa a kasko. Malam na kwance yana kallo. Ruwan ya ƙafe, aka sauke, aka bar shi ya huce. Sai ga wani farin gishiri, irin wanda ake haɗa albarushi da shi, ya fito a bakin kaskon, sirara kamar allurai.

"Kawo in gani."

Hambali ya miƙa masa kaɗan a tafin hannu. Malam ya ɗanɗana da harshe, ya tofar.

"Da sauran gishirin miya a ciki. Me za ka yi?"

"In narkar da shi a ruwan zafi, in bar shi ya huce a hankali. Wanda nake so shi zai fara fitowa."

"Don me?"

"Don ruwan zafi yana ɗaukarsa da yawa, ruwan sanyi kuwa ba ya iya riƙe shi. Gishirin miya bai damu da zafi ko sanyi ba."

Malam ya lumshe ido. Na ɗauka barci ne, sai na ji ya ce, "Haladu, ka shaida. Na ba Hambali ɗan Abu izinin duk abin da na karantar da shi, kamar yadda malamaina suka ba ni. Ya je Gwaram."

Hambali ya faɗi a gabansa yana kuka irin na manya, wanda ba ya fita sosai.

"Tashi, ban gama ba. Turmin itace, taɓaryar itace. Kada ƙarfe ya kusanci wurin, ko zobe ne ka cire. Ka jiƙa kafin ka daka. Farar wuta a ɗaki daban, gawayi a ɗaki daban. Kada ka yi aikin cikin gida inda yara suke, ko sun matsa maka. In sun ce sauri suke, ka ce malaminka ya hana."

"Na ji, Allah gafarta Malam."

"Kuma in Allah ya haɗa ka da wani mai tambayar dalili, ko bawa ne, ko mace ce, ka zaunar da shi. Ban ce lalle ba. In ka samu."

"In sha Allahu zan tsaya har ka samu sauƙi."

"Kada ka tsaya. Ayarin Gwaram gobe zai tashi, hanya ba ta biyuwa mutum ɗaya. Sauƙin da nake jira ba ya bukatar ɗan rakiya."

Da sassafe Hambali ya ɗora kayansa a jakin aro, matarsa da goyo, yara biyu a gaba. Na raka su har ƙofar gari. Bai waiwaya ba, ni ma ban so ya waiwaya ba.

Daga ranar Malam bai sake neman a fito da shi zaure ba. Ya daina karɓar tuwo, sai kunu cokali biyu ko uku. Ranar kasuwa, rana ta ɗaga, ina tsaye a bakin rijiyar baba ina juya zane, Safiyatu ta ƙwala mini kira ta kan katanga. Ba ta taɓa ɗaga murya haka ba. Na shiga har ɗaki. Numfashinsa yana fita da ƙara kamar ana jan zarto a ɗanyen itace. Na ɗora kansa a cinyata, ina maimaita masa kalmar shahada. Ya bi ni sau ɗaya, a fili. Daga nan ya ce wani abu da Larabci wanda ban gane ba, ya ce, "A rage wutar." Babu wuta a ɗakin. Safiyatu ta ce, "An rage, Malam." Ya saki jiki.

Muka yi masa sutura kafin la'asar. Mutane sun taru fiye da yadda na zata, har waɗanda suka ce da aljanu yake hulɗa. Buba ya zo daga Sundimina, ya zuba ƙasa da hannun hagu.

Hambali bai samu labari da wuri ba, sai ranar sadakar bakwai ya iso, ƙafafunsa sun kumbura. Gawayi ya riga ya shiga ƙarƙashin faratansa. Ya yi wa Safiyatu gaisuwa, ta fito masa da gafakar littattafan.

"Ɗauki, Hambali. In sun zauna a nan gara ce za ta karanta su."

"Inna, ɗakin da suka ba ni yana yoyo. Kuma daga fitowar rana har faɗuwarta ina bakin turmi."

"To wa zan ba?"

Ya daɗe yana kallon gafakar. Daga baya ya rataya ta a kafaɗa, bai buɗe ba. Ya kwana gidana, da gari ya waye ya bi ayari ya koma. Wani ɗan Safiyatu kuwa ya zo ya tafi da ita Unguwar Ya, gidan ya zama ba kowa.

Can bayan an yi girbi, ina zaune a dakalin ƙofar gidana ina jiran zane ya bushe, sai ga wata Bafulatana, dattijuwa, ta tsaya a ƙofar Malam da ƙwarya a ka. Ta yi sallama, ta sake yi.

"Baiwar Allah, wa kike nema?"

"Malamin nan da aka ce ya san dalilin abubuwa. Ni Hajjo ce, daga rugar bayan dutse. Nonona ke tsinkewa in na zuba a sabuwar ƙwarya, a tsohuwa kuwa ya yi kindirmo lafiya. Na tambayi kowa a ruga, sun ce haka Allah ya yi. Na sani. Amma ina so in ji yadda ya yi."

"Allah ya yi masa rasuwa tun da damina."

"Innalillahi. Allah ya jiƙansa." Ta gyara ƙwaryar a kanta. "Ba wanda ya bari?"

"Yana Gwaram."

"Gwaram da nisa."

Ta sauke ƙwaryar a dakalinsa, ta zauna kusa da ita, ta warware gammo ta shimfiɗa a cinyarta tana gyara shi. Ƙudaje suka taru a bakin faifan, tana korarsu da hannu ɗaya. Ta zauna nan har inuwar katanga ta rufe ƙafafunta, sannan ta naɗa gammon, ta ɗora ƙwaryar a ka, ta nufi kasuwa.