Tulun Ƙarshe Daga Gonar Tsoho Tian

Tsoho Tian ya sauka a tashar jirgin ƙasa ta Guangzhou da jaka ɗaya da tulu ɗaya. Matarsa ta rasu, ya sayar da gonar inabinsa a can arewacin ƙasar. Ba shi da kowa sai 'yarsa da ta musulunta ta zama Ummu Salma, matar Maidaji, Bakanon da ke tura dilolin tufafi daga kasuwar Baima. Zuwa ya yi ya ga ko zai samu wurin ƙarasa kwanansa a gidansu.

Maidaji ya tarbe shi yadda aka rene shi. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ido a ƙasa. Tsohon ya miƙa masa tulun, Maidaji ya ji warin, ya mai da hannuwansa baya.

Ummu Salma ta fassara maganar ubanta. "Ya ce kakansa ne ya dasa gonar, iri-iri a cakuɗe, mai zaƙi da mai tsami, wasu ko sunansu ba a sani ba. Rana ɗaya ake tsinke su, a matse a randa ɗaya, su tashi tare. Wannan ne na ƙarshe."

"Ki ce na gode. Amma giya ce, ba ta shiga ɗakin nan."

Ta ce wa mijinta, "Abban Zayyad, ka sassauta murya mana."

"A sassauce na faɗa."

Nan kam Maidaji ya yi daidai. Giya giya ce, ko kakan wa ya dasa. Aka bar tulun a baranda, tsohon bai yi musu ba.

Ɓarnar a wajen cin abinci ta faru. Duk lokacin da aka ɗora shinkafa a tebur, tsohon yakan gyara kujerar da ke kusa da shi ya jira. Maidaji kuwa sai ya ɗauki kwanonsa ya tafi shago, domin ɗan mutunci ba ya cin abinci a gaban surukinsa.

Harouna, maƙwabcinsa na shago, ya ce, "Kai Bakano, nan fa da suruki ake zama tebur ɗaya."

"In tauna a gaban uban matata? Ban lalace ba tukuna."

Ummu Salma ta roƙi mijinta, ya ce kunya ba ta da ƙasa. Ta yi wa ubanta bayani, ya girgiza kai.

"Ya ƙi abin shana, na gane, addini ne. Zama da ni fa, shi ma haramun ne?"

Ba haramun ba ne. Al'ada ce, kuma Maidaji ya riƙe ta kamar aya.

Da sati ya zagayo tsohon ya ce a saya masa tikitin komawa. Maidaji ya ɗaukar masa jaka har tasha, yana tafe a bayansa saboda girmamawa. Tsohon bai waiwayo ba. Da suka dawo gida Maidaji ya tambayi matarsa ko Baba ya ji daɗin zamansa. Ta shige kicin ta rufe ƙofa.