Ƙarar Ɓangaren Hagu

Karo na huɗu ke nan Delbert Hruska yake taka kuloci, ƙafar hagun tana ƙi. Sai ta kai shi rabi, ta hau rawa, kulocin ya turo ta baya. Injin kuwa yana ta gurnani abinsa, har gwangwanayen da ke kan kantar garejin suna karkarwa.

"Bari haka, tsoho," in ji abokinsa Lyman, yana jingine da bakin ƙofa, kofi a hannu. "Za ka sake kwantar da kanka a asibiti a kan ƙarfe."

"Ƙarfe ne kanka."

Motar ta 1970 ce, kalar ruwan lemo, silinda takwas, giya huɗu. Shekara arba'in da ɗaya Delbert bai yi fashin wannan Asabar ta watan Agusta ba, ranar da ake fito da tsofaffin motoci a zaga gari, a ƙare a filin coci. A can kowa zai buɗe bonet, Delbert ya bi su ɗaya bayan ɗaya da dogon sukudireba, ya dafa bakinsa a jikin injin, ya kara ƙotar a kunne, ya faɗi abin da ke damun motar. Ba a yi masa musu. A watan Fabrairu ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Hannun ya dawo, ƙafar ta dawo rabi. Likita ya ce ya yi sa'a, amma likitan bai taɓa taka kulocin motar 1970 ba.

Babu mai tuƙa masa. Lyman idonsa ya yi yana, tun bara aka karɓe lasisinsa. Corinne kuwa, 'yarsa tilo, sau ɗaya ya zaunar da ita a kujerar direba tana shekara goma sha shida, ta goge masa giya, ya daka mata tsawar da ba ta sake zama wurin ba. Ya kashe injin. Tsoro yake ji, tsoron a yi taron babu shi, a kuma ga ya yiwu.

Yana zaune a haka Corinne ta iso da tata motar. Sabuwar fita ce, sunanta ɗaya da tasa, har kalar ma ta kwaikwaya.

"Ga jikar ta zo gaida kakarta," in ji Lyman.

"Wace jika? Suna kawai ta ara."

Corinne ta fito tana kaɗa makulli. Ta haura arba'in, kuma ta gaji bakin ubanta. "Baba, kafin taka ta gama tari, tawa ta kai mararraba. Ga birki mai tsayawa in an taka. Ga sanyi. Taka in aka yi kwana sai mutum ya yi addu'a."

"Mota ce shi ya sa. Waccan wayar hannu ce aka sa wa taya."

"Na ji. Amma ƙafa ɗaya take buƙata." Ta miƙa masa makullin. "Ta dama."

Ya daɗe yana kallon makullin, wanda ko haƙora ba shi da su. Sannan ya ɗauko sukudirebansa ya soke a aljihun baya, ya ja ƙafa ya fita.

Delbert ya kama sitiyarin sabuwar motar, Corinne a gefensa, Lyman ya cusa kansa a kujerar baya yana mita. Suka shiga jerin gwanon a bayan wata shuɗiyar mota mai hayaƙi. Mutane sun jera kujeru a bakin titi, suna juya yatsa a sama, wato a ba ta wuta su ji. Delbert ya ji kunya. Wasu da suka san shi sun ɗaga masa hannu, sai ya ga idonsu ya sauka kan motar, hannun ya yi sanyi.

A danja ta biyu ya taka totur don haushi kawai. Ƙara ta cika motar, mai kauri, daga ƙasa take tasowa. Ya karkata kai. Ya sake takawa.

"Yaya?" in ji Corinne.

"Yi shiru." Ya sake ba ta wuta, a hankali wannan karon. "Wanda ya saita injin nan yana da hannu, wannan kam ba zan hana shi ba. Amma akwai abu. Lyman, ka ji?"

"Ni gwiwata kawai nake ji."

"Ɓangaren hagu. Wata 'yar kaɗawa, sai ta hau sama take fitowa. Wata nawa motar nan?"

"Takwas. Baba, wannan..."

"Wata takwas. Kun gani ko? Kwamfutarsu ba ta faɗa musu ba."

Fuskarsa ta sake. Rabon da Corinne ta ga ya gyara zama haka tun kafin ciwon, sai ta haɗiye maganar da ta ɗauko.

A filin coci bai jira an kira shi ba. Ya sa aka buɗe bonet, tsofaffi wajen takwas suka bar motocinsu suka taru, don abin kallo ne a ga Delbert ya kama sabuwar mota da laifi. Ƙarƙashin bonet ɗin baƙar roba ce shimfiɗe, babu kafireto, babu abin da hannu zai kama. Da ƙyar ya sami inda ƙarfe ya leƙo, ya dafa sukudireba, ya kara kunne. Corinne ta ba ta wuta. Abin da ya ji siriri ne, sumul, kamar keken ɗinki. Ya canja wuri. Ya zaga ɗaya gefen yana dafa mota. Babu kaɗawa, babu ma kaurin nan.

"Ka kama ta?" wani ya tambaya.

"Tana nan. Na ji ta da kunnena. Matsa, Corinne, ba ki iya takawa ba."

Ta koma ɗaya kujerar. Ya zauna, ya ja ƙofa, ya taka. Ga ta nan kuwa, ƙarar mai kauri, da 'yar kaɗawar a hagu, daidai inda ya ce. Ya yi murmushi. Ya sunkuya zai gyara ƙafar da ba ta jin magana, bayan hannunsa ya taɓa ƙasan ƙofar, wurin da ke da 'yan ƙananan huji. Wurin yana rawa. Ya saki totur, rawar ta tsaya. Ya taka, ta dawo.

Bai ɗago ba. "Mene ne wannan?"

"Lasifika ce, Baba." Muryarta ta yi ƙasa. "Injin bai da ƙara sosai, sai suke ƙara masa ta nan, don mutane suna so. Ta hagun ta tsage tun watan jiya, ni na cika mata kiɗa. Na so in faɗa maka a hanya."

"Wato rediyo ce na yaba wa."

"Amma ka ji daidai. Hagu ce."

Delbert ya kai ido waje. Ta ƙarƙashin bonet ɗin yana hango cikkunan abokansa a jere, suna jira. Lyman ya ƙwanƙwasa gilashi. "Kai muke sauraro, tsoho. Me ya same ta?"

"In kana so sai in ce bawul ne," in ji Corinne. "Babu wanda zai duba."

Ya girgiza kai. Ya yi wa Lyman alama da hannu a rufe bonet. Aka rufe. Tsofaffin suka dubi juna, ɗaya ya ɗaga kafaɗa, suka fara komawa wajen motocinsu.

"Ana iya kashe abin?" in ji Delbert.

"Ana iya."

"Kashe. Ina so in ji injin shi kaɗai."

Ta latsa allon da ke gabansu sau biyu. Delbert ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya rufe ido, ya karkata kai dama, ya karkata hagu. Ya daɗe a haka.

"Na ce lasifikar za ki kashe, ba motar ba."

"Motar tana kunne, Baba."